Dodon da Ya Koyi Harshe: Koyar da Littafin Frankenstein ga Masu Koyon Turanci

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in ja hankalin 'yan'uwana ɗaliban harshe zuwa ga wani tsohon littafi da nake ganin ya dace da ajin masu koyon Turanci fiye da yadda ake zato. Littafin shi ne Frankenstein na Mary Shelley. Ta fara rubuta shi a 1816 a bakin tafkin Jiniba tana 'yar shekara 18, aka buga shi a Landan a 1818 ba tare da sunanta ba, sannan ta yi masa gyara a 1831. Yana cikin rukunin labaran ban tsoro da ake kira Gotik, wato masu cike da duhun dare da makabarta da tsawa da mutuwa.

Ga labarin a taƙaice. Victor Frankenstein, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Ingolstadt ta Jamus, ya harhaɗa sassan gawa ya samar da wani dodo mai rai. Da ya ga muninsa sai ya gudu ya bar shi. A nan ne malami zai fara gyara, domin ɗalibai da yawa sun ɗauka Frankenstein sunan dodon ne, alhali shi ba shi da suna ko ɗaya. Haka kuma fim ɗin 1931 ya nuna shi yana gurnani kawai, amma a littafi ya fi mahaliccinsa iya tsara magana.

Ba a ce littafin mai sauƙi ba ne. Jimlolinsa dogaye ne, Turancinsa na da ne, kuma mutum uku ne ke ba da labarin, kowa yana cewa "ni": Walton matuƙin jirgin ruwa cikin wasiƙunsa, sai Victor, sai dodon. Zoben alli uku a kan allo, ɗaya cikin ɗaya, sun isa su warware wannan. Don matsalar kalmomi kuwa, akwai sauƙaƙaƙƙen bugu na Oxford Bookworms, mataki na 3, wanda aka gina a kan kalmomi 1,000.

Sai dai shawarata ita ce, ko da sauƙaƙaƙƙen ake karantawa, a ɗauko babi na 12 da na 13 daga bugun 1831 a karanta su yadda suke. A nan dodon ya ɓuya a wata 'yar rumfa da ke manne da gidan iyalin De Lacey, yana leƙensu ta wata kafa, yana sauraro. Abin da ya fara kamawa sunayen abubuwan da ido ke gani ne: wuta, madara, burodi, itace. Daga nan ya lura cewa saurayin gidan ana kiransa Felix, ana kiransa ɗa, ana kuma kiransa ɗan'uwa, duk shi kaɗai. Kalmomin da suka shafi zuciya, irin su kirki da baƙin ciki, ya daɗe yana jin su bai gane ba. Ni da na koyi Hausa da girmana, haka na bi: na san ruwa da tuwo tun makon farko, amma kunya da kara sai da na shekara. Da baƙuwa Safie ta iso ba ta jin Faransanci, Felix ya shiga koya mata, dodon ya zama ɗalibi na biyu a ɓoye. A nan ɗalibai za su ga bambancin tsintar harshe da kunne da koyonsa a gaban malami, ba tare da an yi musu dogon bayani ba.

Daga nan sai a tsallaka babi na 15. Dodon ya jira har tsohon gidan, wanda makaho ne, ya rage shi kaɗai, sannan ya shiga ya yi masa magana. Tsohon ya saurare shi da mutunci, domin harshe kawai ya ji. Da masu ido suka dawo, Felix ya rufe shi da sanda. Ni da zan koyar, a nan zan rufe littafi, in raba aji biyu, in sa su yi muhawara da Turanci: shin iya harshen mutane ya isa ya sa su karɓe ka? Ko ɗalibin da ya saba yin shiru a bayan aji yana da abin faɗa a kan wannan.