Kafin Ka Kai Hoto Wurin Mai Bugawa, Ƙirga Ɗigonsa

Daga wakilinmu na Arewa

Sau da yawa ɗan'uwanmu mazaunin Agege ko Sabon Ibadan yakan sa a aiko masa da hoton mahaifinsa daga gida ta waya, ya kai Shomolu a buga masa babba don ya rataya a ɗaki. Ranar karɓa sai ya tarar fuskar tsoho ta yi dishi-dishi. Kuɗi sun tafi, rigima ta tashi, alhali kuwa ba lalle ne laifin na mai bugawa ba ne.

Ga yadda abin yake. Kowane hoton waya an haɗa shi ne da ƙananan ɗige-ɗige masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Adadinsu ƙayyadadde ne tun ran da aka ɗauki hoton. Kamar mudun gero ne: in ka shanya shi a faifai ya rufe ko'ina, in ka baza shi a babbar tabarma sai ka riƙa hangen ƙasa.

Hoton da za a duba a hannu, masu ɗab'i suna son ɗigo 300 a kowane inci, abin da suke kira DPI. Saboda haka lissafin ba wuya: raba yawan ɗigon da 300. Ƙaramin hoto mai inci 4 da 6 yana bukatar ɗigo 1,200 da 1,800. Cikakkiyar takardar A4 kuwa sai 2,480 da 3,508. Waya mai megafiksel 12 tana ba da kimanin 4,000 da 3,000, wato inci 13 da 10.

To, ina gizo ke saƙa? WhatsApp yakan rage hoto kafin ya aika, sau da yawa zuwa kamar ɗigo 1,600 a tsawo. Wannan bai wuce inci 5 da 'yan kai ba.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa zai mai da lambar hoton daga 72 zuwa 300 a kwamfuta, shi ke nan ya gyaru. Canja lamba ba ya ƙara gero a mudu. In kwamfuta ta ƙara ɗigo, cikowa ta yi da kintace, ba abin da kyamara ta gani ba.

Amma allon talla ko ƙyallen biki da ake hange daga nesa, ɗigo 100 a inci ma yakan isa.

Shawara ita ce, a ce wa na gida su aiko da hoton na asali ta hanyar da ake aika takardu, ba ta hanyar hotuna ba. A duba bayanan hoton, a yi lissafi, sannan a biya. Hoton iyaye ba kullum ake samun damar sake ɗauka ba. Allah ya sa mu dace.