KAD ko KAN? Haruffa Ukun da Ke Wakiltar Filin Jirgin Sama

Gabatarwa

Ni ɗan Kafanchan ne, garin da aka fi sani da jirgin ƙasa, domin mahaɗar layin dogo ce tun zamanin Turawa. Ba mu da filin da jiragen fasinja ke sauka, saboda haka mai tafiya ta sama sai ya nufi Jos, ko Kaduna, ko Abuja. Wata shekara kawuna ya taso daga Legas ya sauka Kaduna lafiya, amma jakarsa ba ta iso ba. Da aka duba 'yar takardar shaidar kaya, sai aka ga an buga KAN maimakon KAD. Harafi ɗaya ya kai jakar Kano, da magungunansa a ciki. Wannan ne ya sa na bi diddigin waɗannan haruffa.

Masu Raba Haruffan

Ƙungiyoyi biyu ke wannan aiki. Ta farko ita ce IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, wadda aka kafa a 1945. Ita ke ba da haruffa uku da muke gani a tikiti da jikin kaya. Ta biyu kuwa ita ce ICAO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta fara aiki a 1947. Nata haruffan huɗu ne, matuƙa da masu ba jirgi hanya ke amfani da su. Na Nijeriya duka da DN suke farawa, misali DNKA na Kaduna da DNJO na Jos. Na Nijar kuma da DR, kamar DRRM na Maraɗi.

Yadda Ake Taƙaita Suna

A nan ɗalibin harshe zai fi sha'awa. Na lura da hanyoyi uku. Akwai yanke farkon suna: KAD, KAN, JED na Jidda, MED na Madina. Jos kuwa ta huta, sunanta ya shiga cif. Akwai tsame haruffa daga cikin suna, kamar SKO na Sakkwato da LOS na Legas, bisa rubutunsu na Turanci. Sai kuma aro harafin da babu shi a sunan, kamar ABV na Abuja. Ai ABJ na Abijan ne, ABU kuma, wanda mu jami'ar Zariya yake tuna mana, na wani fili ne a Atambuwa ta Indonesiya.

Dalilin wannan cunkoso lissafi ne. Haruffa 26 na Turanci kaɗai ake amfani da su, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Idan aka jera su uku-uku, iyakar abin da za a samu 17,576 ne, kuma ba a so filaye biyu su yi tarayya a suna ɗaya.

Kammalawa

Ashe waɗannan haruffa suna ne na yanka wanda Bahaushe da Balarabe da Bafaranshe duk za su karanta daidai. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk ranar da aka ɗaura wa jakarka takarda, ka karanta ta kafin ka juya baya. Kawuna sai bayan kwana uku ya karɓi tasa.