Kafin Ka Sayi RAM: Abin Da Ɗalibi Ya Kamata Ya Duba

'Yan uwa ɗalibai, da zarar lokacin furojet ya matso, sai ka ji ko'ina ana kuka da kwamfuta. An buɗe Chrome da Word, an ƙara da AutoCAD ko SPSS, sai laftof ta tsaya cik. Sau da yawa matsalar ƙarancin RAM ce, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke ajiye aikin da take yi a wannan lokacin. Windows 11 na karɓar gigabait 4, amma da kyar take numfashi a haka. Gigabait 8 zai ishi rubutu da bincike, masu zane kuma su nemi 16.

Maganar ta fi shafar 'yan Isa da Sabon Birni da ke karatu a nan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. In ka sayi RAM a Sakkwato ka tafi hutu gida, ka tarar bai shiga ba, mayar da shi sai ka sake biyan kuɗin mota, ga kuma halin da hanyoyinmu ke ciki. Saboda haka a gama komai kafin a bar shago.

Da farko, gano ko laftof ɗinka na karɓar ƙari. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, sannan Memory. Nan za ka ga yawan RAM ɗin, da saurinsa, da gurbi nawa aka cike. Wasu kwamfutocin, irin su MacBook Air, an liƙe nasu a jikin allo, babu sauyi. ThinkPad T440 kuwa tana da gigabait 4 a liƙe da gurbi ɗaya kacal.

Na biyu, san zubinsa. RAM na laftof gajere ne, ana kiransa SO-DIMM, na tebur kuma dogo ne, ba zai shiga ba. A cikin gajerun ma akwai iri-iri: DDR3 mai haƙora 204, DDR4 mai 260, DDR5 mai 262. Kowanne tsagarsa a wuri daban take, don haka ɗaya ba ya zama a gurbin ɗaya. In ya ƙi shiga kada ka danna da ƙarfi, gurbin za ka karya. Kada kamannin jiki su yaudare ka: HP EliteBook 840 G1 da G2 suna cin DDR3L, amma G3 DDR4 take ci.

Na uku, wutar da yake ja, kuma nan ne mutane suka fi yin asara. DDR3 na aiki da bolt 1.5, DDR3L kuma 1.35, alhali tsagarsu ɗaya ce. Laftof mai Intel zubi na huɗu, kamar Core i5-4300U, DDR3L take so. In ka sa mata na 1.5, zai zauna daram a gurbi amma allo na iya ƙin kawo haske. Karanta 'yar takardar da ke manne a jikin RAM: PC3 na nufin DDR3, PC3L na nufin DDR3L, PC4 kuma DDR4.

Sai batun sauri. In ka haɗa mai 2400 da mai 3200, dukansu za su koma tafiya a 2400. To fa, biyan kuɗi mai yawa don saurin da kwamfutarka ba za ta mora ba ɓarna ce. Guda biyu masu girma ɗaya, misali 4 da 4, sukan fi guda ɗaya mai 8 kuzari, domin suna aiki kafaɗa da kafaɗa. Kowace kwamfuta kuma tana da iyakar abin da take ɗauka. Nemi lambar samfurinta a ƙasanta ka duba shafin kamfanin. Ka kuma tabbata Windows ɗinka mai 64-bit ce, don mai 32-bit ba ta amfani da fiye da gigabait 4.

Ko a Sakkwato za ka saya, ko ka bi ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano, tafi da laftof ɗin a hannu. Na hannu ba laifi ba ne in na Samsung ne ko SK Hynix ko Micron ko Kingston, amma araha ba ta ado. A sa shi a gabanka, a kunna, ka ga adadin ya ƙaru, sannan a gwada shi da Windows Memory Diagnostic. Karɓi rasit, ku kuma yi magana kan canji tun kafin ka miƙa kuɗi.

In da kanka za ka sa, kashe kwamfutar, cire caja da batir. Taɓa ƙarfe tukuna, musamman da hunturu, lokacin da jiki ke tara wutar da kan lalata kayan lantarki. Riƙe RAM ɗin ta gefe, zura shi a karkace, ka danna a hankali har maƙallan biyu su kama.

Abu na ƙarshe: in Task Manager ya nuna RAM bai cika ba amma Disk na kan 100%, tsohon hadis ne ke jan ƙafa. A nan SSD ya kamata ka fara saya.