Amon Gari Ma Kiɗa Ne

Duk wanda ya taɓa kwana a Lafiyan Barebari, ya farka da kiran assalatu, sa'an nan ya kasa kunne ya ji yadda gari yake tashi sannu a hankali, tun daga rugugin injinan casar shinkafa da ihun masu sauke doya daga mota, har zuwa cinikin da ake ƙullawa da Hausa da Eggon da Alago a rumfa guda, to, haƙiƙa ya riga ya ji abin da waɗansu ma'abota fasaha suka mayar sana'a, ko da yake shi hayaniya ya ɗauke shi.

Ɗaya daga cikin tushen wannan fanni, abin mamaki, a Masar yake. A shekarar 1944 wani saurayi, Halim El-Dabh, ya ari na'urar ɗaukar magana a Alƙahira, ya tafi inda mata suke wasan zar, wanda ɗan'uwan borinmu ne, ya ɗauko muryoyinsu; da ya komo sai ya yi ta tace su yana ƙara musu amsa-kuwa, har lafazi ya ɓace, amo kaɗai ya saura, kamar ana kira daga ƙasan rijiya. Sai a 1948 Pierre Schaeffer na Faransa ya harhaɗa nasa da ƙarar jiragen ƙasa, amma shi aka fi ambata, Allah Ya sa dai ba don Bature ne ba. A ƙasarmu kuwa akwai Emeka Ogboh, haifaffen Inugu, wanda ya tattara kiran 'yan kamasho da ƙahon motocin danfo na Legas, ya kai su zaurukan nuni na Turai.

Da intanet ta zo, sai shamakin da ke tsakanin makaɗi da mai sauraro ya faɗi. A Chrome Music Lab, wanda Google ya buɗe a 2016, yaro yakan dangwala yatsa a allon waya, ya shirya kiɗansa, alhali bai taɓa riƙe gula ba. Ni dai wanda ya fi kwanta mini shi ne Radio Aporee na Udo Noll, mutumin Jamus: taswirar duniya ce, ka taɓa ɗigo ka ji amon wurin, kuma kowa yana da izinin ɗora nasa. Mai waya a Lafiya, in ya so, gobe da hantsi sai ya tsaya bakin kasuwa minti uku, ya kame bakinsa, ya ɗauka.