Yadda ake mayar da keken feda ya koma na lantarki

Tun bayan da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, hawa babur ya zama abin da ake yi da lissafi a karkarar arewacin ƙasar.

Litar man da ake sayarwa ƙasa da naira 200 ta haura naira 600 cikin watanni biyu, kana ta zarta naira 1,000 a shekarar 2024.

A garuruwan kan iyaka matsalar ta girmi haka, domin a watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, da nufin daƙile fasa-ƙwauri.

A ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, wadda ke maƙwabtaka da Jamhuriyar Benin, manomin Kende na buƙatar abin hawa zuwa fadama da kasuwa. Shin mai gyaran keke da mai walda na gari za su iya ɗora wa keken da yake da shi inji da batir?

Abu ne mai yiwuwa, sai dai nasararsa ta rataya ne a kan abubuwa biyu: daidaita gudun injin da na taya, da kuma ingancin batir.

Hanyoyi biyu

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1895 wani Ba'amurke, Ogden Bolton, ya yi rajistar keke mai batir wanda injinsa ke cikin cibiyar tayar baya. Bayan shekaru biyu Hosea Libbey na birnin Boston ya yi rajistar wani, wanda ya sanya injinsa a wurin feda.

Har yau waɗannan hanyoyi biyu ake bi.

Injin cibiyar taya ya fi sauƙin haɗawa, domin ana sayar da shi a ɗaure cikin wili, sai dai a cire tsohon a sa sabon. Ba ya taɓa sarƙa, kuma a rufe yake, ƙura ba ta cika shigarsa ba. Rauninsa shi ne yakan yi zafi idan aka yi masa lodi a hawa ko cikin yashi.

Injin da ke jan sarƙa kuwa yana cin moriyar giyar keken, saboda haka ya fi ƙarfin ja, amma yana saurin cinye sarƙa da haƙoranta.

Lissafin gudu

A nan ne masu haɗa nasu a gida suka fi tuntuɓe.

Tayar keke mai inci 26 tana cin kimanin mita biyu a kowane juyi. Idan keken na gudun kilomita 25 a awa, tayar na juyawa ne sau 200 kacal a minti.

Ƙaramin injin lantarki mai ƙarfin wat 250, irin wanda ake samu a kasuwa da araha, yana juyawa fiye da sau 2,500 a minti. Wato sai an rage gudunsa kusan sau 13 kafin ya dace da tayar.

Ana yin hakan ne ta hanyar sa ƙaramin faranti mai haƙora a bakin injin, da babba a jikin taya. Da yake faranti ɗaya ba zai isa ba, akan raba ragin gida biyu, ko a nemi injin da ke da giyar ragi a cikinsa.

Idan ba a yi ragin yadda ya kamata ba, injin zai riƙa shan wuta mai yawa ba tare da ya motsa keken sosai ba, wutar ta koma zafi, wayoyin cikinsa su ƙone.

Haka kuma sitatar babur ko ta mota ba ta dace da wannan aiki ba, domin an ƙera ta ne ta yi aikin 'yan daƙiƙoƙi ta huta.

Wajibi ne a sa firiwil tsakanin inji da feda, don kada fedar ta riƙa juyawa da kanta tana dukan ƙafar mahayi. Mai amfani da injin cibiya kuma yana buƙatar ƙarfen da zai riƙe sandar injin, domin ƙarfin juyin na iya buɗe bakin firam, tayar ta fita ana cikin tafiya.

Batir da haɗarinsa

Batir shi ne ya fi komai tsada a cikin kayan.

Batir uku na darma masu bolt 12 za su ba da bolt 36, amma nauyinsu ya zarta kilo 10. Na litiyam mai daidai wannan ƙarfi bai cika wuce kilo uku ba.

Ana haɗa na litiyam ne da ƙananan ƙwayoyi irin waɗanda ke cikin batirin tsofaffin kwamfutocin cinya. Ƙwayoyi 40, a jere goma-goma sahu huɗu, suna adana wutar da za ta kai mahayi kilomita 25 zuwa 35, gwargwadon kaya da yanayin hanya da kuma yadda yake taimakawa da feda.

Haɗa tsofaffin ƙwayoyi da ƙarfinsu ya bambanta na da haɗari. Dole ne a sa allon kariya da ke yanke wuta idan caji ya cika ko ya yi ƙasa ainun, a kuma yi amfani da cajar da ta dace, wadda ke tsayawa a bolt 42.

Hukumar kashe gobara ta birnin New York ta ce mutane 18 ne suka mutu a shekarar 2023 sanadiyyar gobarar irin wannan batir.

Masu ƙera batirin sun hana a yi masa caji idan zafinsa ya wuce digiri 45. A Kebbi, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, hakan na nufin a bar shi ya huce bayan tafiya, a caja shi a wuri mai iska, nesa da ɗakin kwana da rufin ciyawa.

Inda babu tsayayyiyar wutar gwamnati, farantin sola mai wat 150 zai iya cika shi a yini guda, muddin an bi ta na'urar daidaita caji.

Abin da zai iya

Tsakanin batir da inji akwai kwantirola, wadda ke auna yawan wutar da za ta wuce idan an murɗa totur. Ya kamata a haɗa ta da hannun birki, ta yadda kama birki zai yanke wutar nan take.

Birkin kansa sai an ƙarfafa shi, domin na tsohon keken ƙarfe ba a yi shi don wannan gudu da nauyi ba. A Tarayyar Turai doka ta taƙaita irin wannan keke ga wat 250, kuma injin na daina taimakawa a kilomita 25 a awa.

Sauya inji zuwa lantarki da hannun 'yan gida ya riga ya samu misali a arewa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin fetur daga ƙananan motocin bas yana sa musu na lantarki. A tsallaken iyaka kuma, kamfanin Spiro ya baza babura masu lantarki a Kwatano tun shekarar 2022, inda masu acaɓa ke musanya batirin da ya ƙare da cikakke.

Keken da aka haɗa a Kende ba zai ɗauki buhunan shinkafar da babur ke ɗauka ba, kuma damina za ta gwada shi, domin ruwa na lalata mahaɗar wayoyi idan ba a rufe su da kyau ba.

Amma ga ɗalibi, ko malamin makaranta, ko manomin da gonarsa ba ta wuce kilomita 10 daga gida ba, zai kai shi ya dawo da shi da caji ɗaya, idan wutar ta ƙare a hanya kuma fedar na nan.