Yadda za a kwantar da ƙaiƙayin cizon sauro

Da damina ta kankama a Bukuru, ruwa kan kwanta a tsoffin ramukan haƙar kuza da magudanai, sauro ya yawaita. Ƙaiƙayin da ke biyo bayan cizo martanin jiki ne ga yawun da sauron ya bari a fata. Susa ƙara shi take yi, farce kuma kan jawo gyambo, musamman ga yara.

A wanke wurin da sabulu, a naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora na minti 10, sannan a shafa man calamine. Idan zazzaɓi ya biyo baya, a je gwajin jini. Wanda ƙudan zuma ya harba har numfashinsa ya sarƙe kuwa, a garzaya da shi asibiti.