Zanen Shimfiɗar Ƙasa da Sauyin Garuruwan Bagudo

Zanen shimfiɗar ƙasa, wato zanen da yake nuna fili da kogi da gari kamar yadda ido yake hango su daga nesa, ba ya ɗaukar duk abin da ke gaban mai zane, domin dole ya zaɓi abin da zai sa da wanda zai bari, kuma a cikin wannan zaɓi ra'ayinsa yake bayyana. Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda kogin Kwara ya ratsa ta kuma take iyaka da Jamhuriyar Benin, wuri ne da wannan zaɓi yake da wuya, saboda a garuruwa irin su Illo da Lolo da Tsamiya da Kaoje rumbun ƙasa da kwalekwale da fadamar shinkafa suna zaune kafaɗa da kafaɗa da ginin bulo da rufin kwano da turakun wayar salula.

Zanen da jama'a suka fi gani a wannan yanki ba a bangon gidan tarihi yake ba, a jikin manyan motocin kaya yake, inda masu fenti sukan zana shanu a bakin ruwa da bukkoki da itatuwa. Abin lura shi ne motar da take ɗauko siminti da kwano zuwa waɗannan garuruwa ita ce take yawo da hoton ƙauyen da babu siminti ko kwano a cikinsa, kuma wannan begen gida ne na direban da ya daɗe a kan hanya. Sai dai hoton yana ɓoye dalilin sauyin, domin magidancin da ambaliya irin ta 2020 ta narkar masa da katangar ƙasa ba ƙin al'ada ne ya kai shi ga bulo ba.

Ita kanta iyakar da ke tsakanin Bagudo da Benin ba ta da siffa a fili. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Borgu, Illo ta faɗa hannun Ingila, amma gona da kiwo da harshe ba su canza a kan layin ba, don haka mai zane ba ya iya nuna iyakar sai da shingen kwastam da jerin motoci, irin waɗanda suka tsaya cik lokacin da aka rufe iyakoki a Agustan 2019.

Matafiyi Heinrich Barth, wanda ya zana Kano daga kan Dala a 1851 kuma ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya bar hotunan da masana suke dogaro da su har yau wajen sanin tsohon tsarin gini. Saboda irin wannan amfani na zane, ya kamata malaman zane a makarantun Bagudo su riƙa fita da ɗalibai bakin kogi da cikin kasuwa su zana garinsu kamar yadda yake, da rumbunsa da turakunsa.